Rijiya ta bayar, guga ya hana

Ku ji abin da ya faru da ƙanwata. Wata uku tana bin gonakin Daura da Mai'aduwa da Zango tana ɗibar ƙasa don binciken digirinta na biyu. Ta yi kuɗin mota har wata jiha, ta isa ɗakin gwajin wata jami'a, aka ce mata na'urar da za ta gwada ƙasar da ita ta 'yan sashensu ce, baƙo ba ya taɓawa. Ga na'urar nan lulluɓe da leda, ƙura ta hau kanta. Wallahi har yanzu raina bai huce ba.

Ta sashenku? Da kuɗin wa aka saya? Tun 1993 aka kafa harajin ilimi a kan ribar kamfanoni, shi ne ya riƙa shiga TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, kamfanin kuma daga aljihun mai sayen katin waya da buhun siminti ya samo ribar. Kuɗin jama'a ne, Malam. Makulli kawai aka damƙa maka.

Ku dubi Zariya. Tun 2004 cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello ke da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike, ita kaɗai ce a duk Najeriya. Da ita ake gano sinadaran da ke cikin ƙasa da dutse da tsiro. Wa zai ce kowace jami'a ta gina tata? Ai ba zai yiwu ba. Cibiyar kimiyya da fasaha ta Sheda da ke kusa da Abuja ma don haka aka kafa ta: kayan tsada a wuri ɗaya, kowa ya zo ya yi aiki. A nan jiharmu ta Katsina ga jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga ta Dutsin-Ma, ga ta sufuri a Daura. In ba a haɗa kaya ba, wace ce za ta iya sayen komai ita kaɗai?

Na san za a ce ɗalibai za su lalata. To a sa ƙwararren ma'aikaci a kanta, a buɗe littafin layi. Za a ce akwai kuɗin sinadari da man janareta. A faɗi kuɗin, mu biya, a ba mu rasit. Zaman banzan ma ai lalata na'ura yake yi. Kuɗin jama'a ne, na sake faɗa.

Yarinyar nan so take ta gano abin da ya ƙare a ƙasar da mahaifinmu ya noma gero shekara da shekaru. Ta dawo gida da ledojinta a ɗaure, ko abincin dare ba ta ci ba.