Ƙannena masu taɓa kanel, bishiyar na'urori alkawari ce

Assalamu alaikum ƙannena na Damagaram, musamman ku ƴan jami'ar André Salifou da ke kwana kan kanel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar da ke sarrafa kayan kwamfuta. Na duba aikin wasunku na koya wa direban EC (manhajar da kanel ke magana da EC ta cikinta) karanta bishiyar na'urori (device tree, fayil mai lissafa kayan da ke kan allon cikin kwamfuta), kuma wani abu ya tsaya mini a rai.

EC, wato embedded controller, ɗan guntu ne a cikin kwamfuta, amma shi ke lura da batir, da fanka, da maɓallan rubutu. A injinan x86 (masu furosesa irin na Intel da AMD), ACPI, wato bayanin kayan injin da ke zuwa tare da shi, ke sanar da kanel cewa EC yana nan. A yawancin alluna masu furosesa ARM babu wannan, layin I2C ko SPI da ke haɗa EC da furosesa kuma ba ya faɗin wanda ke kansa. Da can kowane allo da nasa fayil na C, sai da Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya fusata a 2011 kafin mutanen ARM suka rungumi bishiyar gadan-gadan.

Saka of_match_table (jerin sunayen da direba ke gane na'urarsa da su) da sunan compatible (sunan na'urar a cikin bishiya) ba wuya. Kada dai ku manta MODULE_DEVICE_TABLE, don in babu shi direban da aka harhaɗa daban da kanel ba zai tashi da kansa ba.

Damuwata tana ga abin da kuke zubawa cikin bishiyar. Aikinta siffanta abin da ke kan allo: wane layi, wane adireshi, wace ƙafa ke kai wa kanel kira. Na ga wanda ya rubuta sau nawa direba zai leƙa batir. Haba ƙanena! Wannan ra'ayin direba ne, gobe kana iya sauya shi. Bishiya kuwa, in an harhaɗa ta zuwa DTB, fayil ɗin da kanel ke karantawa, aka saka a na'ura, ta fita hannunka, kuma wajibi ne sabon kanel ya ci gaba da gane tsohuwar. Ka sauya suna ɗaya bayan shekara biyu, wata ɗaliba ta sabunta kwamfutarta, maɓallan su daina aiki. Ta kai wa mai gyara a kasuwar Dole, ya yi ta kwance allo, alhali ɓarnar tana cikin layin da ka rubuta da gaggawa.

Don Allah ku fara da takardar bayanin yadda ake siffanta na'urar a bishiya, da tsarin rubutu na YAML, cikin Documentation/devicetree/bindings. Ku dubi yadda aka tsara google,cros-ec-spi: sunan kamfani, waƙafi, sannan na'ura. Ku gwada da make dt_binding_check, ku aika ta daban, gaba da gyaran direban, ga masu kula da sashen, waɗanda get_maintainer.pl ya nuna muku. In sun mayar da ita sau uku kada ku yi fushi, ku gyara ku sake aikawa.