A Suwidin sai mai lamba ne ke da ikon yin rashin lafiya?

Ranar Talatar da ta wuce aka wulaƙanta mahaifiyata a kan idona, kuma har yanzu zuciyata ba ta huce ba. Inna ta zo Malmo ne ta yi mini zaman jego, da bizarta ta kwana 90, da takardar inshorar lafiya ta yuro 30,000, wadda ba a ba kowa bizar Shengen sai ya nuna ta. Tana da hawan jini, ba ta wasa da maganinta, amma tun da sanyi ya kankama kanta ke sarawa, ƙafafunta kuma suka soma kumbura. Da safiyar ranar na auna ta da na'urar gida, na ga jinin ya haura 170. Na naɗe jaririya na sa a keke, na riƙo hannun Inna, muka nufi asibitin unguwarmu, irin wanda suke kira vårdcentral, inda ni kaina nake da rajista shekara da shekaru.

Kada wani ya ce me ya hana ni buga waya, na san wannan karatun. Na buga. Murya ce ta na'ura ta ɗauka, ta ce in danna lambar mara lafiya, wato personnummer, lambar shaida da ake ba wanda aka yi wa rajistar zama a Suwidin. Inna ba ta da ita. A bakin ƙofar asibitin ma wata na'urar ce a tsaye, ita ma lambar take nema. Muka sa ledojin nan shuɗaye a takalmanmu, na ciri tikitin layi, muka zauna har aka kira mu.

Matar da ke bayan gilashi ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Personnummer?"

Na gaishe ta. Na ce mahaifiyata ce, baƙuwa ce, ba ta da lamba, amma ga fasfonta, ga takardar inshora. Na zura su ta ƙarƙashin gilashin. Ko buɗe fasfon ba ta yi ba. Da yatsa ɗaya ta turo mini su, ta ce, "Ba ta cikin kwamfuta."

Na ce na sani, shi ya sa na zo da ƙafata. Ko nawa ne zan biya, ga katin banki a hannuna.

"An ba ta lokacin ganin likita?"

Na ce ta wace hanya za a ba ta?

"Sai ta shiga shafin 1177 da BankID." Wato shafin kiwon lafiya na intanet, da manhajar tabbatar da shaidar mutum.

Na ce, baiwar Allah, yanzun nan na gaya miki ba ta da lamba. Wanda ba shi da lamba, ina zai samu BankID? Ta ɗaga kafaɗa ta ce haka tsarin yake. Na haɗiye abin da ya taso mini, na sassauta murya, na ce to ba ma sai likita ba, a kira mana nas ta auna jininta kawai, aikin minti biyu ne, in ta ce mu koma gida za mu koma.

A nan ne ta fara kallon Inna. Ta dube ta tun daga mayafi har ƙafa, sannan ta juyo gare ni ta ce, "Yaushe za ta koma?" Na ce koma ina? Ta ce, "Ƙasarta. In gaggawa ce ku tafi sashen gaggawa na babban asibiti. In ba gaggawa ba ce, tana iya jira ta ga likitanta a can." Kafin in buɗe baki ta danna maɓalli, lambar mai bi mana ta fito a allo.

Inna ba ta jin ko kalma ɗaya ta yarensu, amma ta karanta fuskar. Ta jawo gefen rigata ta ce, "Ke, taho mu tafi. Ba a faɗa a garin mutane. Allah ne mai lafiya." A bakin ƙofa ta sunkuya da kanta mai ciwo ta cire ledojin takalmin, ta ninke su tsaf, tana tambayata wa za a mayar wa. Matar da ta haife ni, ta raini 'ya'ya da jikoki, ita ce ke gudun kada ta tafi da ledar mutane, su kuwa ba su ga ta cancanci a ɗaura mata abin awo a hannu ba.

Wa ya ba mai zaman tebur ikon yanke cewa ciwo gaggawa ne ko ba gaggawa ba? Ta auna ta? Ta tambaye ta ko tana ganin jiri? Dokar lafiya ta ƙasar nan ta ɗora wa kowane yanki alhakin duba duk wanda ke cikinsa in yana buƙatar kulawa nan take, ko mazauni ne ko baƙo. To ta yaya za a san yana buƙata in an kore shi tun daga gilashi? Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne abin da maƙwabciyata, wata 'yar Somaliya da ke aikin jinya, ta gaya mini daga baya. Asibitoci suna da lambar wucin gadi, reservnummer, da ake buɗe wa mara lafiyan da ba shi da lamba, kuma ba wani dogon aiki ba ne. Ashe hanya tana nan, ganin damar bin ta ne ba a yi ba.

Sashen gaggawan muka ƙare, da jaririya a hannu, tun rana na sama har dare ya raba, don su ma can suna fara duba wanda ya fi jigata ne, kuma ba na ganin laifinsu. Likita ya canza mata magani a cikin 'yan mintuna. Abin da asibitin unguwa zai iya yi ke nan tun da safe. Mazauni yana biyan 'yan ɗaruruwan krona ne, kuma a 2025 in abin da ya kashe na ganin likita ya kai krona 1,450 cikin wata 12, sauran kyauta ne. Baƙon da ya zo daga wajen Tarayyar Turai kuwa cikakken kuɗi ake caje shi. Ban yi ƙorafin kuɗin ba, don shi aka yanki inshora. Sai dai a karɓi kuɗinka kuma a haɗa maka da wulaƙanci, wannan ne ba zan yi shiru a kai ba.

Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san ba yau aka fara ba. Ka tashi da sassafe ka bi layin waya, a ce za a kira ka da rana, a kira a ce ka sha Alvedon, wato farasitamol, ka huta. Zazzaɓi Alvedon, ciwon baya Alvedon, yaro ya kwana yana kuka Alvedon. Watan Yuli ya zo, kowa ya tafi hutu, a ce ka dawo a Agusta. A takarda akwai alƙawari mai daɗin ji: a amsa maka a ranar da ka nema, a duba ka cikin kwana 3, ka ga ƙwararren likita cikin kwana 90. Mu masu lamba ma fama muke kafin mu ga cikarsa, balle wanda ya sauka jiya. Ɗalibin da karatunsa bai kai shekara ba, ba ya samun lambar, don sai wanda zai zauna aƙalla shekara 1 ake yi wa rajista. Amaryar da ta iso tana jiran takardunta su fito, ita ma a waje take. Lamba ke buɗe asusun banki cikin sauƙi, banki ke ba da BankID, BankID ke buɗe ƙofar asibiti ta intanet. Takardar magani ta likitan Kano ko Yamai kuma ba ta aiki a kantin maganinsu, dole sai likitan nan ya rubuta, likitan da ba a bari ka gani ba.

Ba na cewa gida aljanna ce. Na san layin yankar kati, na san tsawar nas, na san a rubuta maka magani a ce babu sai a waje. Amma ban taɓa ganin an mayar da tsohuwa mai hawan jini ba tare da an auna ta ba saboda kwamfuta ba ta san ta ba.

Kuma matar gilashin ba ita kaɗai ba ce mai laifi. Waɗanda suka zaunar da ita a nan, suka mai da ita mai gadin ƙofa, su ne manyan masu laifi. Kusan kashi 32 cikin 100 na albashinmu ke tafiya harajin ƙaramar hukuma da na yanki, kuma yankuna 21 ne ke riƙe da asibitocin ƙasar. Duk da haka Suwidin na daga cikin ƙasashen Tarayyar Turai mafi ƙarancin gadon asibiti, kusan gado 2 ga mutum 1,000. An rage gadaje, ma'aikata sun gaji, sai aka koya wa kowa cewa aikinsa na farko shi ne rage masu shigowa. Wa ya fi sauƙin korewa? Wanda ba ya jin yare, bai san haƙƙinsa ba, kuma tarbiyya ta hana shi ɗaga murya.

Ga kuma iskar da ke kaɗawa daga sama. Tun 2013 doka ta ba ma wanda ba shi da takardar zama damar samun jinyar da ba za a iya jinkirtawa ba. Amma a yarjejeniyar Tidö ta 2022, wadda ta kawo gwamnatin Ulf Kristersson da goyon bayan jam'iyyar Sverigedemokraterna, sai ga maganar tilasta wa ma'aikatan gwamnati su tona asirin marasa takardu, da maganar taƙaita tafinta kyauta. Likitoci da nas-nas sun fito sun yi tir da batun tonon asirin, na jinjina musu. Sai dai in shugabanni suka shekara suna magana a kan baƙo kamar wani nauyi ne da aka ɗora wa ƙasa, kada a yi mamaki in mai zaman tebur ta tambayi mara lafiya yaushe za ta koma.

Mu ma da namu. Muna haɗuwa a masallaci da gidan suna, kowa ya ba da labarin yadda aka yi masa, a yi tsaki, a ce sai haƙuri, a watse. Kowane yanki yana da kwamitin karɓar koken marasa lafiya, patientnämnden, kuma kyauta ne. Mu nawa muka taɓa rubuta musu? Ni dai na rubuta, da rana da lokaci da abin da aka faɗa mana kalma da kalma. Sannan duk wanda ya cika shekara 3 da rajista a ƙasar nan yana da ƙuri'a a zaɓen yanki da na ƙaramar hukuma, ko da bai karɓi fasfonsu ba. 'Yan siyasar yankin nan su ne masu asibitocin. In sun kafa rumfunansu a dandali lokacin zaɓe suna raba kofi da takardu, zan je in tambaye su ɗaya bayan ɗaya wane asibiti ne a Malmo baƙo zai shiga da fasfonsa da kuɗinsa nas ta duba shi a ranar, kuma me ya sa ba a rubuta sunansa a ƙofar sauran ba.