Karayar tsohuwa ba tsautsayi ba ne kawai

Da sanyin bana gwaggona ta zame a bakin makewayi, a gidanmu na Birni. Santsi ne kawai ya ɗebe ta, ta zauna daɓas, ƙashin ƙugunta ya karye. Maɗori ya zo ya lalluba, ya ce, "Hajiya, sai haƙuri, tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Ban musa ba. Amma a gidan nan jikanta ɗan shekara 9 ya taɓa faɗowa daga kan katanga, ya tashi ya kakkaɓe wando ya koma wasa. Idan 'yar faɗuwar da ba ta taka kara ta karya ba ta karya babban ƙashi, to ƙashin ne ke da ciwo tun farko. Mu kuwa a Damagaram mun saba mu ɗora karaya, mu manta da ƙashin.

Je wajen mahauta a kasuwar Dole ka dubi ƙashin cinyar bijimi da aka sara. Tsakiyarsa bututu ne mai kaurin bango, ɓargo a ciki. Can wajen gaɓa kuma ciki kamar soso yake, siraran zaruruwa sun sarƙe da juna. Namu ma haka yake: kusan kashi 80 cikin 100 mai tauri ne, sauran 20 na soso. Wannan na soson shi ya fi yawa a ƙashin baya, da wuyan hannu, da kan ƙashin cinya, kuma daidai nan ne tsofaffi ke karyewa.

Magininmu na tubali ya san laka zalla tsagewa take yi, sai an cuɗa ta da ciyawa. A ƙashi, lakar ita ce kalsiyam, wanda kashi 99 cikin 100 na wanda ke jikin mutum yana cikin ƙashi da haƙora. Ciyawar kuwa wani zare ne da ake kira kolajin, shi ke sa ƙashi ya ɗan lanƙwasa bai ɓalle ba. Ƙashin da ya ƙone a murhu zarensa ya tafi, shi ya sa da yatsa ma sai ka marmashe shi.

Likitoci suna auna yawan kalsiyam da ke cunkushe a ƙashi da na'urar DXA, kuma tun 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar da idan an gaza ta ake cewa ƙashi ya zaizaye. Awon yana da amfani, amma fiye da rabin matan da ke irin wannan karaya awonsu bai kai ga wannan iyaka ba. Mu 'yan Nijar mun ga ɗaya gefen abin da idonmu. A Tibirin Maraɗi, ruwan rijiyar burtsatse da aka haƙa a shekarun 1980 yana ɗauke da sinadarin fuloraid fiye da kima, ɗaruruwan yara suka tashi da karkatattun ƙafafu. Fuloraid idan ya yi yawa yana ƙara wa ƙashi nauyi, amma yana ɓata gininsa. A Amurka ma, a 1990, an buga sakamakon wani gwaji da aka ba wasu mata fuloraid a matsayin magani: awon ƙashin bayansu ya ƙaru da kusan kashi 35 cikin 100, karaya a sauran jiki kuma ta ƙaru.

Abin da ya fi damuna shi ne zaruruwan soson nan. Mace idan jinin al'ada ya ɗauke mata, jikinta yana rushe ƙashi fiye da yadda yake gina shi. Zaruruwan su sirance, wasu su tsinke, kuma wanda ya tsinke da wuya ya sake haɗewa. Kamar gara ce a cikin azara: daga waje soro lafiya lau, ba ciwo, ba kumburi, sai ranar da ya rufta.

Ginin kuwa yana kai ƙarshen ƙarfinsa ne wajen shekara 30, saboda haka abin da gwaggo za ta ci a tsufa tun tana budurwa aka ajiye shi. Wani likitan Jamus, Julius Wolff, ya bayyana tun 1892 cewa ƙashi yana gina kansa gwargwadon nauyin da ake aza masa. 'Yan sama jannati, da ba nauyi a kansu, suna rasa kusan kashi 1 cikin 100 na ƙashinsu duk wata. Yarinyar da ke daka da tafiyar ƙasa tana gina ƙashi, in dai ta samu kayan ginin. A Jos, bincike na 1999 ya nuna cewa yara masu gwamewar ƙafa, duk da rana fal a kansu, wadda ke taimaka wa jiki ya amfana da kalsiyam, ƙarancin kalsiyam ne ya fi cutar da su. Furar da aka tsuga wa ruwa ba nono ba ta kai wa ƙashi komai na kirki. Nono, cuku, miyar kuka, zogale da riɗi duk suna da kalsiyam, kuma suna nan a kasuwa. Tambayar ita ce wa ake zuba wa a gida, kuma sau da yawa 'ya mace ce ta ƙarshe.

Ga kuma ƙwayoyin ƙiba da 'yan mata ke saya wajen masu tallan magani a faranti. Da yawansu dekisametazon ne, yana kumbura fuska, yana cin ƙashi a ɓoye, kuma da na soson yake farawa.

Za a ce ina talaka ina kuɗin awo. Gaskiya ne, amma ba sai an jira na'ura ba. Tsohuwar da tsawonta ya ragu, ko bayanta ya fara doro, ko ta taɓa karyewa a ɗan tuntuɓe, ta riga ta nuna alama, don karaya ta farko tana ninka haɗarin ta biyu. Ina so maɗoranmu, waɗanda su ake fara kira, su riƙa tura irin waɗannan asibiti, musamman karayar ƙugu wadda kara da tsumma ba sa riƙe ta. Ma'aikatan asibiti su ma in sun ɗauki hoto sun ga karaya, su tambayi yadda aka faɗi, su duba maganin da ke rage zaizayewar.

Gwaggo ta fara takawa da sanda. Mun zuba tsakuwa a bakin makewayin, mun kafa mata ƙarfen dafawa. Sai daga baya ne ta tuna mana cewa shekara huɗu da suka wuce ta karye a wuyan hannu wajen tashi daga tabarma, aka ɗora, kowa ya yi mata barka.