Ku bar bawan Allah ya yi barcinsa

Wai har yanzu akwai masu kare mutumin nan na bidiyon da na ɗora jiya daga bakin tekun Horsey a Ingila? Ƙato da gemunsa ya tsallake igiya ya je yana zungurar karen teku (seal) da ƙafa wai ya ɗago kai a yi masa hoto. Sannu gwani, ka burge.

Wani har ya rubuto min wai ai dabba ce kuma raguwa ce, kullum a kwance. Malam kai da ka ga ruwa iya gwiwa sai salati kai ne mai kiran wani rago? Barcin nan hutun gajiya ne. A 2023 masu bincike a Kalifoniya sun liƙa wa manyan danginsu, masu hanci kamar na giwa, na'urar auna barci, aka ga in suna teku wajen wata 7 barcin awa 2 kacal suke samu a rana, shi ma guntu-guntu kamar minti 10, sai sun nutse can ƙasa inda kifin shak bai cika zuwa ba sannan su saki jiki suna juyawa suna gangarawa kamar busasshen ganye. In sun hau tudu sai su rama, sama da awa 10. Wasu irin ma a ruwa rabin ƙwaƙwalwa ke barci rabi na gadi, ido ɗaya a buɗe.

Ni na fi awa ina tsaye cikin sanyin nan ina kallon wata uwa da ɗanta fari fat. Ta yi shiru ba numfashi har gabana ya faɗi na ce ta mutu, can sai ta buɗe hanci ta ja iska ta sosa ciki ta ci gaba da abinta. Wallahi tausayinta ya kama ni. Kusan sati 3 take shayarwa ba ta cin komai, in aka firgita ta tana iya komawa ruwa ta bar ɗan, shi kuma farin gashinsa ruwa na ratsa shi, yunwa da sanyi su ƙarasa shi. Saboda hoto.

Masu cewa ai bai dake ta ba, na ji. A kusa da Oslo a Norway ma a Agustan 2022 Freya, wata danginsu mai dogayen haure (walrus), taruwa aka dinga yi a kanta ana hoto an hana an ƙi ji, ƙarshe hukuma ta harbe ta. Ku bar su su yi barci, shi ke nan fa.

Sai masu biyo ni ta inbos wai in taho musu da kitsen karen tekun. Jama'a wannan ba ayu ba ne, ayu a kogi irin Binuwai yake kuma ciyawa yake ci, wannan kifi yake ci. Ko ayun ne ma ba dillancin mai ya kawo ni ba, kuɗin jirgin ƙasan da na kashe zuwa Norwich, birnin da ke kusa da Horsey, har yau bai daina min ciwo ba.