Mai takarda ba hannu, mai hannu ba takarda

A bara ɗan yayata, wanda ke karatun injiniya a wata jami'a, ya zo mini da takardar neman gurbin koyon aiki na wata 6, abin nan da ɗalibai ke kira IT. Muka ɗauki yini biyu muna zaga Sharaɗa da Bompai, unguwannin masana'antu na Kano. Kamfani biyu muka tarar da ƙofa a garƙame, ciyawa ta cinye haraba. A na uku maigadi ya karɓi takardar ya ce mu dawo, a na huɗu aka ce gurbi ya cika tun kafin a buɗe. Da na ga lokaci na neman ƙure mana, sai na kai shi garejin da nake kai motata gyara, na damƙa shi a hannun mai garejin.

Bayan mako biyu ya zo gaishe ni, hannunsa duk baƙin mai. Ya ce, "Kawu, akwai wani yaro a garejin nan, wallahi da jin ƙarar inji yake gaya maka inda matsalar take. Ya jona na'ura a jikin mota, ya karanta lambobin da ta fitar, ya nufi wurin kai tsaye. Ni na san sunan abin a littafi, shi kuma ya san inda yake."

Da na koma garejin sai na nemi yaron. Shekararsa 19, ya yi 7 a ƙarƙashin mota, a aji uku na ƙaramar sakandare ya tsaya. Na tambaye shi ko yana sha'awar komawa karatu. Ya goge hannu da tsumma ya ce, "Alhaji, ina so mana. Amma wa zai ɗauke ni? Ba ni da kiredit ko ɗaya."

Yaran nan biyu kowannensu na riƙe da rabin abin da ɗan'uwansa ke nema, kuma ƙasar da ta haife su ta gina katanga a tsakaninsu. Ra'ayina shi ne, matsalarmu ba ƙarancin shirye-shiryen koyar da sana'a ba ce. Kusan kowace gwamnati sai ta ƙaddamar da nata, a yi taro, a raba keken ɗinki, a ɗauki hoto. Abin da babu shi ne hanyar da mutum zai bi daga gareji zuwa aji, ko daga aji zuwa bakin aiki, ba tare da an ce ya koma ya fara daga farko ba.

Hukumomi kam muna da su har sun yi yawa. Tun 1971 aka kafa asusun horar da ma'aikatan masana'antu na ITF, shi ne kuma ya ɓullo da tsarin tura ɗalibai koyon aiki na SIWES a 1973. A 1977 aka kafa hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha, wadda hedikwatarta ke Kaduna, shekara guda bayan nan JAMB ta zo. NABTEB mai shirya jarrabawar makarantun fasaha ta biyo baya a 1992, a 2012 kuma hukumar yi wa ƙasa hidima ta fara koya wa masu bautar ƙasa sana'o'i. To amma duba inda kowacce ke kwana: ITF na ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci, NBTE da JAMB na ma'aikatar ilimi, takardar gwajin sana'a ta Trade Test ma'aikatar ƙwadago ke bayar da ita, bautar ƙasa na wajen ma'aikatar matasa, shirin 3MTT na horar da matasa miliyan 3 fasahar zamani kuwa na ma'aikatar sadarwa ne. Kowa na nomansa a gonarsa. Matashi zai iya tara takardu uku daga wurare uku, ya kai su ofishin ɗaukar ɗalibai na kwalejin fasaha, a juya su a miƙo masa abinsa, a ce ina sakamakon WAEC.

Waɗanda suka yi sakandare a shekarun 1980 za su tuna lokacin da aka kawo tsarin 6-3-3-4. Manufarsa ke nan tun asali: yaro ya taɓa zarto da guduma da waya a ƙaramar sakandare, wanda hannunsa ya faɗa can ya bi layin sana'a. An shigo da injuna daga ƙasashen waje, da yawansu suka ruɓe a cikin akwatunansu saboda babu lantarki, babu ɗakin da za a kafa su, babu malamin da ya iya tayar da su. Abin da ya rage mana daga wancan tsari shi ne lambobin kawai.

Sakamakon haka kowa ya tattara ya nufi ƙofa ɗaya. A 2025 kusan mutum miliyan 2 suka zauna jarrabawar JAMB, fiye da miliyan 1.5 daga cikinsu ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Mafi yawansu jami'a suke so, kwalejin fasaha sai in an rasa yadda za a yi. Ban ga laifinsu ba, ban ga na iyayensu ba. Shekara da shekaru mai babbar difloma ta HND na shiga aikin gwamnati a bayan mai digiri, kuma in ya kai mataki na 14 sai ya tsaya cik, sai in ya koma ya ƙaro wata takardar. A 2021 majalisar tarayya ta amince da ƙudurin soke wannan bambanci, amma Shugaba Muhammadu Buhari ya sauka bai sa masa hannu ba. Gwamnatin da ke cewa matasa su rungumi fasaha ita ce ke nuna musu a teburin albashi cewa wanda ya rungume ta ɗan bora ne. Yara ba sa jin wa'azi, abin da suka gani a gidan maƙwabci suke bi.

Wani zai ce, to a horar da su su yi aiki a ina, tunda masaƙun Kaduna sun mutu, rabin Sharaɗa ya zama sito? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma babu wani gyaran manhaja da zai maye gurbin wutar lantarki. Amma ɗan aikin da ake da shi fa, wa ke yin sa? Shiga duk wani babban gini da ake yi a Abuja ko Kano ka tambayi masu sa tayil da masu yin silin na POP daga ina suke, sau da yawa za ka ji Togo ko Jamhuriyar Benin. Lokacin gina matatar Ɗangote a Legas an yi ta ƙorafin yawan ƙwararrun da aka kwaso daga Indiya. Ga bututun iskar gas na AKK mai tsawon kilomita 614, daga Ajaokuta ya ratsa Kaduna zuwa Kano, aiki ne na masu walda. Muna da masu walda a kowane lungu, sai dai ɗan kwangila ba zai miƙa bututun gas ga wanda ba shi da shaidar da za a iya bincika ba, komai iyawarsa.

Jamus ake yawan kawowa misali a wannan fage, kuma da dalili. A can, a kowane mako, matashi na yin kwana uku ko huɗu a kamfani, ɗaya ko biyu a makaranta, ana biyan sa, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu sana'a ne ke yi masa jarrabawar ƙarshe. Abin da ya fi burge ni shi ne, wanda ya kai matsayin gwani a sana'arsa yana da damar shiga jami'a ko da bai bi ta babbar sakandaren da ke kai mutum can ba. Ba sai mun kwafo su ba, don rabin tsarin muna da shi tun kaka da kakanni: ubangida da yaronsa, shekarun koyo, ranar yaye. A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, a Farm Centre wajen masu gyaran waya, a shagunan ɗinki da ɗakunan girki inda dubban 'yan mata ke koyon abin da za su riƙe kansu, makaranta ce ke gudana kullum ba tare da gwamnati ta kashe ko sisi ba. Rabin da ya ɓace shi ne na takarda.

An fara taɓa wannan rabin, kuma ya kamata a faɗa. Lokacin da Farfesa Idris Bugaje ke shugabantar kwalejin fasaha ta Kaduna, kwalejin ta ƙulla alaƙa da masu sana'ar kasuwar Panteka, inda ake ƙera kusan komai daga tukunya zuwa injin niƙa, don a gwada su a ba su shaida. Hukumar NBTE, wadda ya koma shugabanta a 2021, na da tsarin matakan ƙwarewa na ƙasa, NSQF, wanda a ƙarƙashinsa ake iya zuwa a tarar da mutum a bakin aikinsa, a auna abin da ya iya, a ba shi takardar matakin da ya kai. A 2025 ma ma'aikatar ilimi ƙarƙashin Tunji Alausa ta ƙaddamar da shirin karatun fasaha kyauta tare da ɗan alawus na wata-wata. Duk sun yi kyau. Tambayata ɗaya ce: takardar nan, ina take kai mai ita?

In ba ta buɗe ƙofar kwaleji ba, ado ce kawai ta jikin bango. Kamata ya yi a rubuta ƙarara cewa wanda ya kai mataki kaza yana da gurbi a difloma ta fanninsa, a karatun yamma ko na ƙarshen mako, don ba zai rufe shago ya bar iyali da yunwa ba. Masu cewa hakan zubar da darajar ilimi ne ina jin su, kuma ban ce a yafe wa kowa lissafi da Turanci ba. A koya masa su a shekarar share fage, ya ci jarrabawa, ya wuce. Wanda ke auna tazarar fulogi da lissafin ƙarfin batirin sola kullum ba lissafi ne ya gagare shi ba, aji ne bai samu ba. Tsorona na wani wajen ne daban: kada shaidar ta zama hajar sayarwa, wanda bai taɓa riƙe sifana ba ya biya a buga masa. Maganin wannan shi ne a yi gwajin a fili, a gaban injin, da idon ƙungiyoyin masu sana'ar, waɗanda sunansu ne zai ɓaci in an yaye ragwaye.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, SIWES na bukatar a yi masa tiyata. Kowa ya san yadda ɗalibai da yawa ke cike littafin rahoton aiki a ɗakin kwanansu, su nemi mai hatimi ya buga. Kamfanoni na biyan ITF kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansu a shekara. Me zai hana a ware wani abu daga ciki a riƙa biyan garejin da aka tantance, da shagon walda, da ɗakin gyaran waya, kan kowane ɗalibin da suka koyar da gaske? Mai gareji ya samu kuɗi da martaba, kwaleji ta samu wurin tura ɗalibanta, yaran shagon kuma su samu shiga ɗakin gwaje-gwajen kwalejin a madadin haka.

Ranar da ɗan yayata ya gama wata 6 ɗinsa na raka shi a sa masa hannu a littafin. Mai garejin, wanda ya haura shekara 30 yana wannan aiki kuma ya yaye yaran da shi kansa bai san adadinsu ba, ya sa tabarau ya bi shafin a hankali har ya iso layin da aka ce mai kula da ɗalibi ya rubuta matakin karatunsa. Ya ɗago kai ya dube ni, biro a hannu, ya ce, "Alhaji, a nan me zan rubuta?"