Asirin ƙasa ko asirin masu mulki?

Ranar 12 ga Yulin 2007, a gabashin Bagadaza, jirgin yaƙi mai saukar ungulu na sojojin Amurka ya buɗe wuta kan wasu mutane da ke tsaye a bakin titi. Cikinsu akwai Namir Noor-Eldeen, mai ɗaukar hoto na kamfanin dillancin labarai na Reuters, ɗan shekara 22, da direbansa Saeed Chmagh. Matuƙan jirgin sun hango kyamara a kafaɗa suka ce makami ne. Saeed bai cika nan take ba, yana jan ciki a gefen hanya wata ƙaramar bas ta tsaya don ta ɗauke shi. Ita ma aka yi mata ruwan wuta, ga yara biyu zaune a gaba. Reuters ta nemi a ba ta bidiyon ta hanyar doka, ba a ba ta ba. Sai a Afrilun 2010 duniya ta gani da idonta, bayan da WikiLeaks, kafar intanet mai fallasa takardun sirri, ta sake shi.

Babu sojan da aka gurfanar kan wannan kisa. Sojar Amurkan da ta fitar da bidiyon, Chelsea Manning, ita aka yanke wa shekara 35 a 2013, kafin Obama ya sassauta mata ta fito a 2017. Julian Assange, wanda ya kafa WikiLeaks ya kuma wallafa bidiyon, ya yi kusan shekara bakwai a ɓoye cikin ofishin jakadancin Ekwado da ke Landan, ya ƙara biyar a kurkukun Belmarsh. Duk lokacin da aka tayar da muhawarar hukunta masu fallasa takardun sirri, wannan lissafin ne ke fara faɗo mini a rai.

Ban ce gwamnati ba ta da abin ɓoyewa ba. Hanyar da ayarin soja zai bi gobe, da sunan ɗan ƙauyen da ke tsegunta wa jami'ai labarin 'yan bindiga, waɗannan sirri ne da rai ke rataye a kansu. WikiLeaks kanta ta yi sakaci a nan: a 2010 ta saki takardun yaƙin Afghanistan da sunayen wasu mutane a ciki, a Satumbar 2011 kuma wasiƙun jakadun Amurka sama da 250,000 suka bazu ba tare da an goge sunaye ba. Wannan laifi ne, ko da yake Janar Robert Carr, wanda ya jagoranci binciken ɓarnar, ya shaida wa kotun soja cewa ba shi da misalin mutum guda da aka kashe saboda fallasar. Haka kuma Jack Teixeira, matashin sojan saman da ya riƙa zuba bayanan yaƙin Yukren a dandalin Discord don ya burge abokansa, ya sha shekara 15 a 2024, kuma ban ga abin da zan kare shi da shi ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne dokar da ake amfani da ita, wato dokar leƙen asiri ta Amurka ta 1917, wadda aka yi lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya domin 'yan leƙen asirin abokan gaba. A gaban wannan doka, wanda ya sayar wa maƙiyi sirri da wanda ya nuna wa 'yan ƙasa ƙaryar shugabanninsu duk kanwar ja ce. Ba ta ba wanda ake tuhuma damar ya ce na yi ne don amfanin jama'a.

Daniel Ellsberg, wani manazarcin harkokin tsaro na Amurka, ya ɗanɗana wannan. A 1969 ya riƙa kwashe kundin sirrin ma'aikatar tsaro kan yaƙin Biyetnam, shafi kusan 7,000, yana kwafa da daddare. Wani dare ɗansa mai shekara 13 na kan na'urar kwafi, 'yarsa mai shekara 10 na yanke tambarin sirri daga shafukan da almakashi. Takardun sun nuna gwamnatoci huɗu a jere suna faɗa wa jama'a wani abu, suna sane da wani. Da New York Times ta fara bugawa a Yunin 1971, Shugaba Nixon ya garzaya kotu, Kotun Ƙoli ta ƙi hana jaridar da rinjayen alƙalai 6 kan 3. Ellsberg kuwa aka tuhume shi da laifukan da za su kai shekara 115, kuma da ya so ya bayyana dalilinsa a kotu alƙali ya ce bai shafi shari'ar ba. Abin da ya cece shi a 1973 shi ne bankaɗo cewa 'yan barandan Fadar White House sun fasa ofishin likitansa suna neman abin ɓata shi.

Sannan ga son kai. Janar David Petraeus, tsohon shugaban hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA, ya miƙa wa matar da ke rubuta tarihinsa littattafansa masu ɗauke da manyan sirrika. A 2015 aka ci shi tarar dala 100,000, ko kwana ɗaya bai yi a gidan yari ba. Reality Winner, ƙaramar ma'aikaciya da ta aika wa jaridar intanet ta The Intercept takarda guda kan kutsen Rasha a zaɓen Amurka na 2016, wata 63 aka ɗaure ta.

Shari'ar Assange ce ta fi tayar mini da hankali, domin shi ba ma'aikacin gwamnati ba ne, bai yi rantsuwar riƙe sirri ba, ba ma ɗan Amurka ba ne. Gwamnatin Obama ta duba ta ja da baya, saboda babu yadda za a tuhume shi kan wallafawa a ƙyale New York Times da Guardian da suka buga takardu iri ɗaya. Gwamnatin Trump ta ɗora masa tuhuma 18 a 2019, 17 daga ciki a ƙarƙashin dokar 1917. A Yunin 2024 ya amsa laifi ɗaya a kotun Amurka da ke tsibirin Saipan don ya samu ya koma gida Ostareliya. Laifin da ya amsa shi ne haɗa baki wajen samo bayanan tsaro da yaɗa su, abin da kowane ɗan jarida mai bincike ke yi da majiyarsa.

Kada Bahaushe ya ce wannan rigimar Turawa ce. Cikin wasiƙun jakadun da WikiLeaks ta fallasa ne Kanawa suka karanta rahoton ofishin jakadancin Amurka cewa kamfanin Pfizer ya ɗauki masu bincike su tono abin kunyar ministan shari'a Michael Aondoakaa don ya janye ƙarar gwajin maganin Trovan, wanda aka yi kan yara 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996. Pfizer ta musanta. Amma iyayen yaran suna da haƙƙin jin cewa an yi wannan magana, kuma ba don fallasar ba da ba su ji ba. Mu ma muna da tamu dokar sirrin gwamnati ta 1962, mun kuma ga sojoji sun mamaye ofisoshin Daily Trust a Abuja da Maiduguri a Janairun 2019 kan labarin shirin ƙwato Baga. Idan Amurka ta ɗaure mai wallafa, da wane baki jakadanta zai yi magana ranar da aka kama edita a nan?

Abin da nake kira a yi ba shi da yawa. Ma'aikacin da ya karya rantsuwa a gurfanar da shi, amma a bar shi ya faɗa wa kotu abin da ya gani da dalilin da ya sa ya tona, ita kuma gwamnati ta kawo shaidar cutarwar da aka yi, tambarin sirri kaɗai bai isa hujja ba. Mai wallafa kuwa a cire shi daga dokar leƙen asiri gaba ɗaya. 'Yan majalisar Amurka irin su Ron Wyden da Ro Khanna sun gabatar da ƙudurin gyara dokar tun 2020, har yau bai zama doka ba.