Ba duk wanda ya faɗi ne ya yi wa Allah laifi ba

Duk Lahadi a majami'a idan aka ce lokacin ba da shaida ya yi, mun san masu fitowa: wanda ya sami aiki, wadda ta haihu bayan dogon jira, wanda bizarsa ta fito. Ina taya su murna har cikin raina. Amma a bencin baya akwai yarinyar da ta sake faɗuwa JAMB, akwai magidancin da jarinsa ya karye a Kasuwar Barci. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda wa'azin wasunmu ke mayar da su masu laifi. Wai azuminka bai kai ba, wai ba ka fitar da zakka ba, ko kuma akwai zunubin da kake ɓoyewa.

'Yan'uwa, ku koma Matiyu sura 11. Yahaya Mai Baftisma, mutumin da ya yi wa Yesu baftisma da hannunsa a Kogin Urdun, yana kurkukun Hirudus ya aika almajiransa su tambaya ko Yesu ne mai zuwan, ko a jira wani. Kun ji fa, Yahaya guda! Yesu bai tsawata masa ba. Sai ma ya juya ga taro ya ce cikin waɗanda mata suka haifa ba a yi wanda ya fi Yahaya ba. Kuma ƙofar kurkukun ba ta buɗe ba, a can aka fille masa kai. Wane fasto ne zai ce bangaskiyarsa ce ta gaza?

Mu a Kaduna ba sai an ba mu labari ba. Masaƙar KTL ta Kakuri ta rufe a 2002, sauran suka bi baya. Magidanta suka wayi gari ba aiki, da yawa suka rasu suna jiran haƙƙinsu. Cikinsu akwai dattawan ikkilisiya, akwai mazajen iyayenmu na Zumuntar Mata. An yi azumi, an kwana ana addu'a, injinan KTL ba su sake tashi ba. Waɗannan iyayen kuwa har yau su ne ke riga kowa zuwa sujadar safe, da ɗan baikonsu a ƙulle a bakin zane. Ni a wurinsu na ga bangaskiya.

Saboda haka fastocinmu, don Allah ku daina yi wa mutane alkawarin da Ubangiji bai yi ba, har da sa masa wata da rana. Idan ranar ta wuce ba a ga komai ba, matasanmu Allah suke zargi, daga nan su daina zuwa majami'a, kuma da wuya ka ga dattijo ya bi su gida ya ji dalili.